Kashi da Ƙashi

Zuwa ga Goggona,

Ina durƙusawa daga nesa ina gaishe ki. Ya ƙafar? Ya kunnen? Mu duk lafiya lau. Uwar yara tana gaisuwa, Auta kuma ta ce a faɗa miki haƙorinta na gaba ya fita, tana jiran tukuici. Tunda waya ba ta yi miki amfani saboda kunnen, na sake ba Direba wannan takarda.

Goggo, albishirinki. Abin da na shekara ina kumfar baki a kai ya kusa tabbata. Kin san shagon yankan gilashin nan namu ne mu sha ɗaya, ba mu da maigida. Tun kafin in shigo, dokar ita ce duk abin da aka samu a wata a cire na haya da na sayen gilashi, sauran a raba kashi sha ɗaya daidai wa daida. Wanda ya kwanta ciwo ma kashinsa yana iske shi har gida. A baki abin da daɗi. To amma ni a yini ina yanka falle arba'in, ba banza suke ce min Walƙiya ba. Dattijonmu, Baba Tabarau, sai ya goge tabarau sau uku kafin ya ja layi ɗaya, in ya yi sha biyar an gode Allah. Nasa da sauƙi, tsufa ne. Akwai wani da muke kira Ina-Zuwa, don ko gobara ta tashi abin da zai ce maka ke nan. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni ƙiba, amma rabin yini yana bakin ƙofa yana gaisawa da masu wucewa. Ƙarshen wata ni da shi kashinmu ɗaya. Tsakani da Allah, Goggo, wannan adalci ne?

Na kawo shawara a daina rabon, kowa a biya shi gwargwadon abin da hannunsa ya yanka. An yarda za a zauna ranar Asabar ɗin ƙarshe ta watan jibi, a ɗaga hannu, Baba Tabarau ya ƙirga. Ni na riga na yi nawa ƙirgen, mu shida ne, su biyar. Babban na hannun damana wani matashi ne da muke kira Ango, bana ya yi aure, saurinsa ya kusa kamo nawa.

Ki taya ni da addu'a, don wannan watan ma sun karya min ƙashi. Ban dai faɗa wa uwar yara ba, kada ta tada hankalinta.

Ɗanki,
Walƙiya

*

Ɗan Yaya,

Takardarka ta iso ranar Talata da hantsi. Ina amsa gaisuwa, ka gaishe da uwar yara, ka ce wa Auta tukuicinta yana nan a ƙulle. Ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka san shi. Gaisuwar ta isa haka, hankalina ba a kanta yake ba.

Wane ƙashi? Na hannu ko na haƙarƙari? Su wa suka karya, kuma da me? Ka cika min takarda da labarin mai goge tabarau da mai ƙiba, sai a layin ƙarshe ka jefo min wannan kamar kana ba ni labarin ruwan sama. Tun ranar abinci bai wuce min maƙogwaro da daɗi ba. Da na rufe ido sai in ga maza sha ɗaya suna dambe a ɗakin da ko'ina gilashi ne jingine. Na sa maƙwabciyata ta kira wayarka sau biyu, ta yi ta ringi ba ka ɗauka ba.

Na ce wa kaina wataƙila kashin rabo kake nufi. Sai na sa tabarau na bi takardar layi layi. Duk inda ka rubuta kashi a sama babu ƙugiya, na ƙarshen kuwa ga ƙugiya nan zaune a kan harafin. Ni na kama hannunka na koya maka rubutu, kuma a shekara talatin da na yi ina koyarwa ban ga yaron da ya kai ka tsantseni a kan ƙugiya ba. Kai ne fa ka taɓa gyara wa hedimasta allon sanarwa. Saboda haka ba zan yarda kuskure ne ba sai na ji daga gare ka.

Maganar rabo kuwa, ban ce ba ka da gaskiya ba. Na yi aiki da wani malami da ke barci a aji, albashinmu ɗaya, har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Amma wannan ba yanzu ba. Ka ba Direba amsa ya dawo da ita a wannan zuwan, ko layi biyu ne.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Wallahi na yi dariya har uwar yara ta leƙo daga kicin ta tambaya ko lafiya. Ƙasusuwana duk suna nan cif, babu wanda ya taɓa ni. Kashin rabo nake nufi, an rage mana ne saboda an biya kuɗin wasu falle da suka fashe. Biron ne ya zame ya yi wa harafin hula. Biron yanzu ba su da kirki, kuma a kan gwiwa na rubuta. Waya kuwa ba ma ɗauka in muna kan tebur, kin san aikin gilashi ba ya son raba hankali. Don Allah ki ci abinci.

Fallen da suka fashe ma ba laifin kowa ba ne, kayan da ake kawo mana yanzu ne ba su da ƙwari. Ni kaina uku suka tsage a hannuna makon nan, abin da a da sai in shekara bai faru ba. Kina jan layi sai ki ga tsagar ta bar rula ta kama gabanta.

Ina-Zuwa ya daina gaishe ni, ni kuwa ko a jikina. Baba Tabarau kuwa shekaranjiya ma shi ya kama min wani babban madubi muka ɗora a tebur. Ango ya riga ya faɗa wa amaryarsa in doka ta canza za su bar ɗaki ɗaya su kama ciki da falo. Kullum da safe sai ya ɗaga min hannu sama, wai yana gwaji.

Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki,
Walƙiya

*

Ɗan Yaya,

Na gode Allah da ƙashinka yake lafiya. Ina gaida mutanen gidan. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran, kuma kada ka karanta a shago.

Dariyarka ba ta kama ni ba. Da na gama karanta takardarka sai na jawo gwangwanin da nake ajiye wasiƙunka, na shimfiɗa su a kan tabarma a tsakar gida inda rana take, daga na shekara uku da suka wuce har zuwa ta jiya. Na farkon kamar an buga da inji. Daga wajen wata bakwai da suka wuce ƙugiyoyinka suka fara yawo. Wata ta yi tsawo, wata ta karye biyu, wata ta hau harafin da ba nata ba. Harafin da ya kamata ya miƙe tsaye sai ya yi ƙananan haƙora kamar zarto. Rubutun kuma yana ƙanƙancewa in ka kusa ƙarshen layi. Biro ba ya yin haka, gwiwa ma ba ta yi.

Na san wannan rubutun domin na taɓa ganin sa. Mahaifinka ɗan wan babana ne, amma a gida ɗaya muka tashi, shi ya sa nake ce masa Yaya. Kai abin da ka sani shi ne yana gyaran agogo, ya yi ciwo, ya rasu. Ba mu faɗa maka yadda abin ya fara ba. Yana da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi a bakin tasha, shi kaɗai, kuma yana alfahari da cewa babu mai cin guminsa. Gaskiyarsa ne, ya samu sosai, ya fi duk masu albashin gidanmu. Yana shekara arba'in da huɗu ƙananan kusoshin agogo suka fara kuɓuce masa. Ya ce hantsakin ne ya lalace, ya sayi sabo. Ya ce kusoshin yanzu ba su da kirki. Masu kawo gyara ba su yi masa faɗa ba, sun dai daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya cuce shi, kuma babu wanda ya zama dole ya tallafe shi. Cikin shekara biyu ya sayar da akwatin gilashin. Kana shekara bakwai aka kawo min kai da kayanka a ƙulle cikin zanen mahaifiyarka.

Bana shekararka arba'in da uku. Tsoro nake ji, ɗan Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Ka yi min abu ɗaya. Ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka miƙe hannun dama gabanka, ka ɗora wannan takardar a bayan hannun, ka ƙirga ashirin. In takardar ta zauna shiru, ka rubuto ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa, zan karɓa da murna. In ba ta zauna ba, ka je asibiti gobe, yanzu akwai magungunan da babu su a zamanin Yaya.

Goggonka

*

Ɗan Yaya,

Ina gaisuwa. Yau sati uku ke nan. Sau shida Direba ya zo ya koma, kullum ina bakin titi da sandata kafin ya tsaya, har ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, kuma ya gan ka a shago da bandeji a babban yatsa.

In fushi kake yi da ni, ka rubuto ka yi fushin a takarda. In kuma abin da nake tsoro ne, shirun ba zai hana shi ba. Kana ɗaga falle mai tsawon mutum da wannan hannun. Ka tuna Auta.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Ba fushi nake yi ba. Yara lafiya. Ni ne dai ban san me zan ce game da kaina ba.

Takardar ba ta kai ashirin ba, a tara ta faɗi. Na ɗauka na sake, ta sake faɗuwa. Gaskiyar magana na sani tun kafin ki rubuto. Wata bakwai ɗin da kika ƙirga daidai ne. Na daina shan shayi a shago don kofin yana ƙara a haƙorina. Na koma sa riga marar maɓalli. Fallen da aka rage mana kashi saboda su, biyar daga cikin bakwai ni na fasa, na ce kayan ne. Yatsan kuma ɗinki huɗu aka yi min, na ce wa uwar yara ƙofa ce ta datse ni.

Na je asibiti. Likita ya sa na taɓa hancina, na zana da'ira, na yi tafiya a kan layi. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce za su rage amma ba za su kawar ba. Da na faɗa masa sana'ata sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya tambaya ko a wurin aikinmu akwai wani tanadi ga wanda ya kasa. Akwai tanadin, kuma ni ne na shekara ina tara mutane don a rushe shi.

Saura kwana tara a zauna. Tun asuba nake juya abin har in kwanta. In doka ta canza, falle nawa zan yanka a baɗi? Sha biyar ɗin Baba Tabarau da nake yi wa dariya ma ba lallai in kai ba. In kuma na tashi na ce na janye, da wane ido zan dubi Ango da sauran huɗun? Ni na bi su ɗaya ɗaya har gida na shawo kansu. Za su ce lokacin da nake da ƙarfi na ƙi ɗaukar kowa, yanzu da na ji jiki ina neman a ɗauke ni. Kuma ba ƙarya za su yi ba. Har yanzu ma in na ga Ina-Zuwa a bakin ƙofa zuciyata tana tafasa, ciwon bai sa na ga ya yi daidai ba.

Ga abin da ya fi tsorata ni, kada ki yi dariya. Ɗaga hannu za a yi. A tebur ina iya ɓoyewa, in danna gwiwar hannu a jikina, in juya wa mutane baya. Amma hannu a sama babu abin da zai jingina da shi. Ko wane ɓangare na zaɓa, sai na ɗaga shi a gaban mutum goma, Baba Tabarau kuma ba ya gani daga nesa, sai ya zo gaban kowa yake ƙirga shi.

Uwar yara ba ta sani ba tukuna. Ki faɗa min abin da zan yi, ko mene ne zan bi.

Ɗanki

*

Ɗan Yaya,

Na karanta, na yi kukana, na share. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ƙwayoyin su karɓe ka.

Ba zan zaɓa maka ɓangare ba. Ni da nake cin fansho, wanda guminku ne ku masu aiki yanzu, bakina ba zai yi adalci ba. Kuma Ango bai yi laifi ba don yana son ciki da falo da ƙarfin hannunsa. Abu biyu kawai zan ce. Ka faɗa wa uwar yara yau, kafin ka ninke wannan takardar. Mace da ke wanke maka kofi ta riga ta sani, jira take ka girmama ta da faɗa. Sannan ka faɗa wa mutanen shago kafin a ɗaga hannu, su zaɓa da idonsu a buɗe. Abin da ya cinye Yaya ba rawar hannu kaɗai ba ce, shekara guda ya yi yana sayen sababbin hantsaki.

Kada ka ƙara ɗaga babban falle kai kaɗai. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta bar ki kin yi barci. Motar Direba ta lalace a hanya, takardarki ba ta same ni ba sai ranar Litinin, bayan an riga an zauna. Kwana uku nake rubuta wannan, kaɗan kaɗan da safe, lokacin da hannun ya fi kwanciya.

Ban faɗa musu ba. Na shiga da niyyar faɗa, sai Ango ya tare ni a ƙofa ya riƙe kafaɗata yana murna, maganar ta maƙale. Muka ture tebura gefe, muka zauna a kan benci biyu muna fuskantar juna. Baba Tabarau ya tashi ya ce masu son kowa ya ci gwargwadon hannunsa su ɗaga. Biyar suka ɗaga, duk suka juyo suna kallona. Goggo, na ɗaga. Ba jarumta ba ce, kunya ce ta fi ƙarfin tsoro. Na ce a raina minti ɗaya ne, zan daure.

Baba Tabarau ya fara daga can ƙarshen benci, yana zuwa gaban kowa yana faɗin lamba. Kafin ya kai na uku hannuna ya fara. Na matse yatsu, abin ya ƙaru. Agogon mahaifina da nake ɗaurawa, wanda kika ba ni ranar aurena, ya yi min yawa yanzu, sai ya shiga kaɗawa yana ƙara a wuyan hannuna. A shagon babu wani motsi sai wannan ƙarar. Dattijon ya iso gabana ya ce shida, ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a yi masa haƙuri ya rikice, zai sake daga farko. Ban san ko da gangan ya yi ba, har yau ban tambaye shi ba.

Ban sauke ba. Na rufe ido ina jin gumi yana bin bayana. Da na buɗe, Baba Tabarau yana cewa biyar. Ango ya sauke nasa, ya ajiye shi a kan gwiwa yana kallon sa. Aka kira masu son a bar rabo yadda yake, su ma biyar, Ango bai ɗaga musu ba. Biyar da biyar, aka ɗage zama zuwa wata mai zuwa.

Da aka watse na sami Ango a bayan shago wajen famfo. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ba don kai na sauke ba, Yaya. Nawa hannun na kalla."

Ya ce shekara uku yana kwaikwayon yadda nake riƙe abin yanka, yana cewa wata rana zai zama ni, kuma ranar Asabar ya ga haka ɗin. Bai huce da ni ba, ya ce na bar shi ya yi wa matarsa alkawari alhali na san halin da nake ciki. Yanzu yana yawo da wata takarda, wai rabi a zuba a raba, rabi kowa ya ci nasa, wanda kuma yake da lafiya ya ƙi aiki a zauna a kansa. Biyu daga mutanenmu sun ce ba su yarda ba, su alkawarin kowa ya ci nasa duka aka yi musu. Ina-Zuwa ma bai yarda ba, kin san dalili. Ban san yadda za ta kaya ba, kuma tsoron bai tafi ba, wata ɗaya kawai aka ƙara min.

Sun ɗauke ni daga tebur. Ni ke zuwa gidajen mutane da tef ina auna tagogi, Baba Tabarau ya ce idona da lissafina ba su rawa. Uwar yara kuwa gaskiyarki ne. Da na faɗa mata sai ta buɗe durowa ta nuna min rigunana masu maɓalli, ta riga ta faɗaɗa ramukan tun watanni, tana jiran in lura.

Jiya aka yi rabon wata. Ango ne ya miƙo min nawa, daidai da nasa, ni da ban yanka ko falle ɗaya ba cikin kwana goma, shi kuwa ya yanka nasa ya haɗa da nawa. Da hannu biyu na karɓa don kada ya zube a gabansu.

Ki sa tabarau ki duba da kyau, Goggo: na karɓi kashina. Babu ƙugiya. Sau huɗu na sake takarda kafin kalmar ta fito haka.

Ɗanki